Dada Ba Ta Son Sanyi

Ɗalibaina suna yi mini dariya a bayan idona, na sani sarai. Wai Madam sai ta murza tafin hannunta kafin ta taɓa majiyyaci, a garin Duwala, inda ko ƙarfen gado zufa yake yi. Akwai wata mai rawar kai a cikinsu da ta iya kwaikwayona, rannan na kama ta a bayan ƙofa tana yi, sauran suna ƙyaƙyatawa. Na dai ɗora mata wankin tasoshin fitsari na ranar. Ban taɓa gaya musu inda na samo wannan ɗabi'a ba.

A shekarata ta biyu a makarantar koyon jinya aka tura mu sitaj, wato zaman koyon aiki a cikin asibiti. Kafin nan a jikin 'yar tsanar roba muke koyon komai. Mun yi mata allura har hannunta ya koma rariya, mun juya ta, mun yi mata wanka, ba ta taɓa cewa wash ba. Saboda haka na shiga asibiti da farar rigata ta sha guga, ina ji da kaina. A layinmu na New Bell kuwa tuni mata suka fara kirana likita, suna kawo mini ƙarar ciwon baya tun ban gama shan kokon safe ba.

Ɗakin mata aka kai ni, ɓangaren masu ciwon zuciya da shanyewar jiki. Shugabar nas-nas ta ɗakin, wadda kowa ke kira Majo, Kirista ce 'yar asalin bakin ruwa, ƙatuwar mace mai murya irin ta masu tallan kifi. Ranar farko ta ƙwale mini hannu da biro don na ɗaga zanin wata mata ban yi mata magana ba. Ta ce ba a taɓa mutum sai an gaya masa za a taɓa shi, ko da a sume yake. Na tsane ta a ranar, tsana ba 'yar kaɗan ba. Da na koma gida na ce wa Innata matar nan ba ta ƙaunar Hausawa. Inna ta ce ita dai ba ta ga laifinta ba, ai ko a gida haka nake faɗa wa mutane ɗaki ba sallama.

A gadon da ke jikin taga akwai wata tsohuwa Bafulatana daga wajen Ngaundere. Ba ta jin Faransanci, sai Fulatanci da Hausar kasuwa, don haka Majo ta nuna mini ita da haɓa ta ce ga tawa nan. Ɗanta guda ɗaya tal ta biyo zuwa Duwala, direban babbar mota ne a hanyar Njamena. Ya kama mata ɗaki a unguwar Nylon, ita kuma ta ƙi zama haka nan, tana kai kindirmo kasuwar Mboppi tana sayar wa 'yan dako, har ƙafafunta suka kumbura numfashi ya fara gagararta. A asibitocinmu kowane majiyyaci da mai jinyarsa daga gida, shi zai dafa masa abinci ya yi masa wanki. Ita ba ta da kowa, sai wata maƙwabciya da kan leƙo da kunu idan ta samu sarari. Dada nake ce mata, kamar yadda Fulani ke kiran uwa.

Taɓawata ta farko da safe ce, ana ruwan nan na Duwala da ba ya sanin ya isa. Na wanke hannu a famfo, na shafa alkol, na ce mata zan duba bugun jininta. Ina kama tsintsiyar hannunta ta janye.

"Yarinya, hannunka sanyi. Murza tukuna."

Hausarta ba ta raba mace da namiji, har ta bar duniya "ka" take ce mini. Na tsaya a gaban ɗaki guda ina murza hannu kamar mai murza taliya, matan sauran gadajen suna murmushi. Sai da ta taɓa tafina da bayan yatsanta ta tabbatar, sannan ta miƙo hannun. Daga ranar kullum haka muke yi, ko ana rana mai narka kwalta.

A jikinta na koyi aikin da nake ci da shi yau. A hannunta na fara jin bugun zuciyar da ke gudu, ya tsaya, ya sake tashi, abin da na haddace a aji ban san yadda yake a yatsa ba. A ƙwaurinta na danna babban yatsa na ga ramin ya ƙi cikewa. Ita na koyi juyawa ba tare da na ja fata ba, da jera mata matasai don numfashi ya sami hanya. Ranar da Majo ta ce ni zan sa mata allurar ƙarin ruwa, na soka na rasa jijiya, na sake sokawa na fasa ta, wurin ya yi baƙi. Dada ko gezau ba ta yi ba, bango kawai take kallo. Na tambaye ta ko da zafi, ta ce babu. Na juya na fassara wa Majo cikin jin daɗi, sai ta kama kaina da hannu ɗaya ta juya shi wajen ƙarshen gado. Yatsun ƙafar Dada duk sun dunƙule. Majo ta ce mutanen arewa ba sa kuka da baki, in riƙa duba ƙafa. Na ji haushi ƙwarai, wai 'yar bakin ruwa ce za ta koya mini mutanena, amma gaskiyarta ce.

Ita kanta Majo, duk faɗan nan nata, idan ta ga babu kowa a gefen gadon Dada da rana, sai ta jawo kujera ta buɗe kwanon abincinta. Tana ba ta a baki tana yi mata faɗa da Faransanci, Dada tana ramawa da Fulatanci, ba mai jin wani, kuma ba su taɓa neman in fassara ba.

Tagar nan ita ce matsalar. Ta cikinta ana hango wata siririyar hanyar siminti da ta bi ta ƙarƙashin mangwaro ta nufi wani gini a can ƙarshen asibiti. Ta nan ake tura gadon ƙarfe mai taya, an rufa farin zane, tayar ɗaya tana kuka. Ranakun Alhamis da Juma'a kuma gaban ginin kan cika da jama'a cikin anko, da furanni, da masu busa ƙaho, ana waƙoƙin coci, ana fito da akwatuna masu ƙyalli. Wata Juma'a Dada ta tambaye ni bikin me ake yi. Na ce mata ɗaukar gawa ne, ginin nan ɗakin sanyi ne, wanda a nan muke ce wa morgi. Na yi mata bayani yadda aka yi mana a aji, ina ma ɗan alfahari da sanina: ana ɗura wa mamaci wani magani, formol, don kada jiki ya lalace, a sa shi a aljihun ƙarfe mai sanyi har dangi su taru daga ƙauye da Turai. Ta ce kwana nawa. Na ce wani mako biyu, wani wata, wani ma ya fi.

Na duba ƙafarta na ga yatsun sun dunƙule.

"Yarinya, ni ba na tsoron mutuwa. Amma kada ka bari su sa ni cikin sanyin nan. In na mutu da safe, azahar ta same ni a ƙasa."

Na ce mata ta daina irin wannan magana, za ta warke ta koma wa kindirmonta. Ta riƙe mini hannu ta ƙi saki. Dole na yi mata alkawari, kuma ban yi shi da wasa ba, don ina da abin dogaro. Goggona, yayar babana, ita ce mai wankan gawar mata a layinmu. Babana kuma ba ya rabuwa da masallaci, duk baƙon da ya mutu ba dangi, su ne masu tsaya masa. A unguwarmu ba a barin Musulmi ya kwana a waje.

A ranar na samu Majo a ofishinta na gaya mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, abin da ba ta saba ba. Ta ce ba yau ta fara aiki da mutanenmu ba, ta san mu da gaggawar binnewa kamar ana korarmu, idan abin ya zo za ta kira ni. Ta sa lambata a wayarta a gabana. Na koma na gaya wa Dada an gama magana, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta sa na juya mata gadon kaɗan don ta daina ganin hanyar.

Sitaj ba ya barin mutum wuri ɗaya. Bayan 'yan makonni aka mayar da ni ɗakin yara, can wani gini. Duk da haka kullum da rana sai na tsallako da kunun gyaɗar da Inna ke damawa. Wata Juma'a na tarar allurar hannunta ta toshe, ta hana kowa canzawa, wai sai yarinyarta ta zo. Na murza hannu, na gaya mata zan taɓa ta, na soka sau ɗaya jini ya biyo. Majo tana tsaye a bayana, ba ta yabe ni ba, ta dai miƙo mini filasta, wanda a wajenta yabo ne babba. Na manna shi a bayan hannun Dada na shafa gefe da gefe. Asabar da Lahadi ɗalibai ba sa zuwa, na yi mata sallama sai Litinin.

Litinin da safe na sauka daga benskin, wato acaba, na biyo ta bayan ɗakin mata don in gaishe ta kafin in wuce. Tun daga nesa na hango katifa an jingine ta a bango tana shan rana. Na san katifar, akwai facin baƙar leda a kusurwarta. Na shiga da gudu, gadon jikin taga ƙarfe ne tsirara, yana warin jabel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Matar gadon kusa ta ce tun Asabar da hantsi ta cika, cikin sauƙi, Majo ma tana riƙe da ita. Na ce ina aka kai ta. Sai ta kalli taga.

Ban san yadda na isa ofishin Majo ba, kuma ban yi sallama ba. Na ce mata na gaya mata, ta sa lambata a wayarta a gabana, me ya hana ta kira ni. Na faɗi maganganun da ɗaliba ba ta faɗa wa shugabarta, da Faransanci, da ya ƙare mini na ci gaba da Hausa. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ta ɗauki waya za ta kira ni, sai ta ga ya kamata ɗan ya fara ji. Ta same shi yana can gaba da Garwa da kaya a mota. Ya fashe da kuka kamar yaro, yana roƙonta a jira shi, rabonsa da uwarsa tun kafin a kwantar da ita, yana so ya ga fuskarta ko sau ɗaya. A wajensu Majo, ɗan da aka binne uwarsa bai ga fuskarta ba, an yi masa raunin da ba ya warkewa. Saboda haka da ƙafarta ta taka har morgi, ta roƙi ma'aikatan su ba Dada aljihu na kanta kada a ajiye ta a ƙasa, ta tsaya a kansu har aka ɗura maganin da kyau. Gata ta yi mata, irin wanda za ta yi wa uwarta.

Na ce amma ita Dada ta faɗi abin da take so.

"Ma fille, 'yata, ita ta riga ta tafi. Shi ne yake kuka a kunnena. Ni masu rai nake jinya."

Shekaru ke nan ina shirya amsar da zan ba ta, a kan benskin, a wajen wanki, wani lokaci har a kan sallaya, kuma har yau ban sami wadda ta gamsar da ni ba. Na san dai ta yi kuskure, na kuma san ba mugunta ba ce, wannan ne ya hana ni samun wanda zan tsana in huta.

Na kira babana, ya zo da liman da wasu dattawa biyu na masallaci. A gindin mangwaron nan liman ya kira ɗan a waya, ya yi masa ta'aziyya, sannan ya gaya masa abin da jira yake nufi a Duwala. Ashe bawan Allah bai sani ba. Shi a ransa an shimfiɗe ta a wani ɗaki an rufa mata zane, bai yi tunanin zafin garin nan ba, bai yi tunanin komai ba, uwarsa kawai yake kira. Ina tsaye nesa kaɗan amma ina jin muryarsa tana fita daga wayar, yana salati yana cewa a binne ta yanzu, don Allah a fitar da ita, kada a ƙara jiransa. Dattawan suka tsaya a matsayin dangi aka ba su ita. Ta kwana biyu a cikin sanyin, shi kuma bai ga fuskar ba.

Gidan Goggo aka kai ta. An kewaye wani lungu na tsakar gida da tabarmi, an ɗora tukunya a murhu. Ban taɓa shiga wankan gawa ba, Goggo ba ta barin 'yan mata, amma ranar ta dube ni ta ce in ɗaura zane in shigo, tunda ni ce 'yarta a garin nan. Ta surka ruwan da kanta, tana gwadawa da gwiwar hannu kamar na wankan jariri, ta ce a ƙara na zafi.

Da aka yaye zanen warin maganin ya bugi idona, hawaye suka zubo tun kafin kuka ya zo. Dada ta yi tauri, fatarta ta yi wani irin duhu da ban san ta da shi ba, raɓa tana tsattsafowa a goshinta saboda zafin gari. Goggo ta gwada miƙar da hannun dama ya ƙi. Ta ce a bar shi yadda yake, ba a yi wa mamaci dole. Tana zuba ruwa tana addu'a ƙasa-ƙasa, tana kiranta baiwar Allah, tana ba ta haƙuri. Ban duba ƙafafun ba sai da aka zo wanke su, don ina tsoron abin da zan gani. A miƙe yatsun suke, maganin ya sandarar da su, ba su gaya mini komai ba.

A bayan hannun hagu filastan nan yana nan, wanda na manna ranar Juma'a. An zare allurar an mayar da shi yadda yake. Goggo ta ce in cire, ba a kai mutum kabari da kayan asibiti. Na durƙusa. Sai na ji Goggo ta yi shiru da addu'arta tana kallona, na duba na ga ashe hannuna nake murzawa. Na ci gaba da murzawa har tafin ya yi zafi, na ce, "Dada, ni ce. Zan taɓa ki."

Na jiƙa filastan da ruwan ɗumi na ɓare shi a hankali, yadda ba zai ja fata ba. Sannan na riƙe hannun a tsakanin tafukana biyu. Na san aikin banza nake yi, ni da na ci jarrabawa a kan abin da ke faruwa da jiki bayan rai ya fita. Amma na riƙe, ina jira ko ɗumina zai shige ta ko kaɗan. Nata ne ya shige ni. Ya bi ta yatsuna ya hau har gwiwar hannu, irin sanyin da ban taɓa ji ba a garin da aka haife ni. Goggo ce ta zare hannuna daga nata, ta ce maza suna jira a waje, kada la'asar ta wuce.

Da muka fito na ga Majo a zaune a kan tabarma cikin matan layinmu, an ara mata mayafi ta yafa a karkace. Inna ce ta kai mata ruwa. Ɗan ya iso bayan kwanaki, babana ya raka shi maƙabarta ya nuna masa tudun ƙasa. An ce ya nemi ganin yarinyar da ta yi jinyar uwarsa, na ɓuya a ɗaki na ce a ce ba na nan, don ban san wace fuska zan nuna masa ba, kuma ina tsoron ya tambaye ni yadda fuskarta take.

Na gama makaranta, na yi aiki a ƙarƙashin Majo har ta yi ritaya, ba mu taɓa tayar da zancen ba. Yanzu ni ake turo wa ɗalibai. Ina ƙwale musu hannu da biro, ina juya musu kai su dubi ƙafa. Duk tsohon da aka kwantar ba dangi a kusa, nakan zauna in tambaye shi abin da yake so a yi masa in ta Allah ta kasance, in kira 'ya'yansa tun yana da rai ya faɗa musu da bakinsa ina riƙe da wayar. Wasu suna cewa ina kira wa mutane mutuwa. Su faɗa, ba su riƙe hannun da na riƙe ba.

Asibitin da nake yanzu ma yana da irin hanyar nan, da irin gadon nan mai taya. Idan na ji kukan tayar yana wucewa ta bayan taga, ko da tsakar rana ce, ko rigata ta jiƙe da zufa, sai in ji sanyin ya taso daga yatsuna ya nufi gwiwar hannu. Sai in ajiye abin da nake riƙe da shi in hau murzawa. Ɗalibai su haɗa ido suna danne dariya, su a zatonsu don majiyyacin da ke gabana nake yi. Na yi mata alkawarin azahar, ta yarda da ni har ta sa na juya mata gado, kuma duk murzar da na yi daga ranar zuwa yau hannun nan bai yi ɗumi ba.